Ƙanshi Ne, Ko Ɓarna?

A Betanya Maryamu ta shafe ƙafafun Yesu da man nardi na dinari 300, kusan ladan ma'aikaci na shekara guda. Yahuza ya kira shi ɓarna, wai gara a ba matalauta kuɗin (Yohanna 12). Tambayarsa tana gabanmu har yau. A ƙasar Birnin Gwari, inda 'yan bindiga daga dajin Kamuku suka raba manoma da gonakinsu shekara da shekaru, me mai mai ƙanshi zai yi wa mai jin yunwa?

Krisma, wanda Bishop yake tsarkakewa kowace shekara gab da Ista, man zaitun ne gauraye da turaren balsam. An shafa mana shi a goshi ranar Ƙarfafawa domin a aike mu. Basamariye kuwa mai ya zuba a raunukan wanda 'yan fashi suka yasar a hanya (Luka 10).

Idan muka karɓi shafewa a coci, muka kau da kai daga gwauruwa da marayan da daji ya koro, to, mu ne muka mai da shi ɓarna. Allah ya kiyashe mu. Amin.