Tsohuwar da ke kawo shayi

In ka shiga gidan mutane, ka lura da waɗanda aka gabatar maka, ka kuma lura da wadda aka tsallake. Mai gida zai ce ga ƙanena, ga uwargida. Sai wata tsohuwa ta shigo da tire, ta ajiye, ta fice, ba wanda ya ambaci sunanta. Sau da yawa asirin gidan duk yana cikinta.

A gidan 'yar fim Merle Oberon a Landan, sunan wannan tsohuwar Charlotte. Baƙi suna ɗaukarta 'yar aiki, domin haka aka gaya musu. Alhali ita ta goyi Merle a Bombay, inda aka haife ta a 1911. Charlotte asalinta mutuniyar Silon ce, wato Siri Lanka ta yau. Merle ta tashi tana kiranta uwa. Sai daga baya takardar haihuwa ta nuna kakarta ce, kuma Constance, wadda take ɗauka yayarta, ita ta haife ta tana da shekara 12 kacal.

Da fim ya karɓi Merle, sai aka ɗinka mata sabon asali. Wai a Tasmaniya aka haife ta, tsibirin da ke kudu da Ostireliya, wai kuma takardunta sun ƙone a gobara. Ai dabara ce, wa zai je ƙarshen duniya neman toka? A Hollywood na wancan zamani, mace mai jinin Asiya ba ta samun fitowa a matsayin masoyiyar Bature. Ƙaryar ta biya. Fim ɗin The Dark Angel na 1935 ya sa ta cikin 'yan takarar Oscar, a 1939 ta fito tare da Laurence Olivier a Wuthering Heights.

Ban cika ganin laifinta ba, wanda ya rufe ƙofa ne ya koya mata shiga ta taga. Charlotte ce ke tsaya mini a rai. Ƙarya irin wannan ba ta zama sai da mai yin shiru, ita kuwa ta yi shirun har ta rasu a 1937.

A 1978 mutanen Hobart, babban birnin Tasmaniya, suka gayyaci Merle don su karrama 'yar garinsu. Ta amsa, ta je, ta sauka a garin da ba ta da dangi ko ɗaya. Shekara na zagayowa ta rasu a Kalifoniya.