Wa Ya Kashe Tantan?

Duk wanda ya tashi a karkarar Arewa a shekarun 1970 da 1980 ya san ƙarar tantan. Tun tana bayan gari ake jin ta, yara su ajiye farantin talla su bi ta a guje, balbelu na biye da garma suna tsince tsutsa a ƙasar da ta kifar. Akwai jar Massey Ferguson, akwai Fiat, akwai Steyr da ake harhaɗawa a Bauchi. Zamanin kuɗin fetur ne. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya biyo da nasa a 1980, gwamnatoci suka yi ta sayo motocin noma suna ba manoma haya.

Yau leƙa bayan sakatariyar ƙananan hukumomi da dama, za ka same su a jere, tayoyi sun nutse, ciyawa ta fito ta cikin inji. Babu wanda ya sace su. To wanda ya bar dukiyar jama'a ta mutu a hannunsa, laifinsa ya kai na ɓarawo?

Tantan ba ta mutuwa rana ɗaya. Baƙin mai ne ba a juye a kan lokaci ba. Ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska, ba a kakkaɓe ba. Manomi ya ba direba na goro ya ƙara masa kadada biyu da dare, lagireto babu ruwa. Famfon mai ya lalace, aka rubuta takarda zuwa sama, ta kwana a kan tebur har damina ta wuce. Bayan 1986 Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, sai bakanike ya kwance na wannan ya ɗaura wa waccan, har aka wayi gari guda biyar sun koma ɗaya. Tambayi kowannensu, yana da uzuri, kuma uzurin ba ƙarya ba ne.

Wasu za su ce ai abin da ba na mutum ba haka yake ƙarewa, su kawo misalin mai shanun huɗa da ba ya kwanciya sai ya zuba musu harawa. Ban gamsu ba. Rijiyar gari ba ta mutum ɗaya ba ce, amma ana yashe ta. Masallaci ma haka, ana yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Bambancin shi ne mutanen gari suka haƙa rijiyar, kuma kowa na sha. Ita tantan daga sama ta zo, kuma idan ruwan shuka ya sauka gonar manya take fara zuwa. Mai kadada ɗaya ya biya kuɗi ya jira har lokaci ya ƙure, ya koma ga fartanyarsa. Wanda layi bai taɓa zuwa kansa ba, da wane baki za a ce masa ya ci amana?

A ganina sakaci ha'inci ne, har ta wani gefen ya fi sata muni, domin ɓarawo ya san ya yi laifi, yana iya tuba ya mayar, shi kuwa mai sakaci barcinsa yake sha. Sai dai ba a raba laifin daidai wa daida. Kason direba kaɗan ne. Mafi nauyi yana kan wanda ya sa hannu aka sayo hamsin bai ware ko kwabo na gyara ba, saboda ranar sayowa ana yanka kyalle a ɗauki hoto, ranar juye baƙin mai kuwa ba mai kiran ɗan jarida.

Waɗanda aka yi gwanjonsu suka faɗa hannun manoma, wasu har yanzu suna kaftu, an ɗaure murfin inji da waya, sai an tura suke tashi. Sauran kuma 'yan gwangwan ne ke zagaya su, suna lissafin kilo nawa za su yi.