Kafin Ka Karɓi Makullin Tirela

Da wuya a sami ikkilisiya a garuruwanmu na bakin hanya, daga Akwanga zuwa Saminaka, daga Tafa zuwa Marabar Jos, wadda ba ta da saurayi ɗaya ko biyu masu burin tuƙa babbar mota. Ba abin mamaki ba ne. Siminti, taki, masara, shanu da man fetur, duk a bayan mota suke zuwa mana. Sana'a ce ta halal, ta kuma rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ga tambayar da nake so mu zauna da ita yau: idan saurayi ya zo zaɓen wanda zai koya masa tuƙi, da wanda zai fara yi wa aiki, shin lissafin ciki ne kawai, ko kuwa akwai alhaki a ciki?

Mu ɗauki misali irin wanda dukanmu muka saba gani. Ga yaro ya gama sakandare, ya yi noma, ya yi acaɓa, babu abin da ya tsaya. Sai hanyoyi biyu suka buɗe masa a wata guda. Wani mai tsohuwar DAF ya ce masa, zo, cikin wata uku zan ba ka makulli, lasisi kuma kada ka damu, ina da mutum a ofis, ba sai ka je gwaji ba. Kowane lodi da kuɗinsa. Can kuma ga wani dattijon direba, mai faɗa, mai tsantseni, ya ce zai ɗauke shi yaron mota. Zai wanke mota, ya ɗaure tamfol, ya sa weji, ya kwana a ƙarƙashin tirela, kuma ba zai taɓa sitiyari a kan babbar hanya ba sai bayan shekara biyu ko uku. Kuɗin da zai riƙa samu bai wuce na abinci da sabulu ba.

Yawancinmu za mu ce wannan shawara ce tsakanin yaron da iyayensa. Ni ban yarda ba. Tela idan bai ƙware ba, yadi ya ɓata. Mai aski idan hannunsa bai faɗa ba, gashi zai sake tsirowa. Amma tirela mai buhun siminti 600, kowanne kilo 50, tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta. Wanda ke zaune a bayan wannan sitiyari ba ransa kaɗai ya riƙe ba. Ya riƙe na matar da ke soya doya a bakin titi, da na 'yan makaranta da ke cikin bas a gabansa, mutanen da ba su san sunansa ba, ba kuma wanda ya tambaye su ko sun yarda a ba shi makulli. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ɗan katanga domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Ku lura, ba a jira sai wani ya faɗo ba. Tun ranar gini alhakin yake farawa. Shekarun koyo su ne ranar gini a rayuwar direba.

Me ake koya a wajen uban gida wanda ba a samu cikin wata uku? Juya sitiyari da canja giya ba su da wuya, yaro mai kai zai iya su cikin makonni kaɗan. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne hali, wato abin da hannu da ƙafa za su yi da kansu sa'ad da babu lokacin tunani.

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo. Birkin babbar mota da iska yake aiki. Inji ne ke juya abin da ke cika tankunan iska, kuma duk takawar birki tana rage iskar. A doguwar gangara, idan direba ya dogara ga birki kaɗai, ƙarfen yakan yi zafi har ya daina kamawa, ka taka ka ji kamar ba ka taka komai ba. Shi ya sa gogaggen direba yakan sa ƙaramar giya tun kafin ya fara gangarowa, ya bar inji ya riƙe motar, birki ya zama ɗan taimako kawai. Amma akwai direbobin da ke cire giya gaba ɗaya a gangara, su bar mota a firi domin su rage shan gas, su sayar da rarar. A firi inji ba ya riƙe komai, iska ba ta cika da sauri, kuma idan gudu ya yi yawa giya ba za ta ƙara shiga ba ko ka yi ta roƙonta. Yaron da ya zauna shekara guda kusa da mai wannan ɗabi'a, ya ga an yi sau hamsin an tsira, ba zai ɗauke ta a matsayin ganganci ba. Zai ɗauka ita ce gwaninta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda kuwa ya zauna da dattijon da ke tashinsa da asuba ya zubar da ruwan da ya taru a tankin iska, ya zagaya ya bubbuga kowace taya, ya duba fitilu, zai riƙa yin haka har ya tsufa, ko ana kallonsa ko ba a kallonsa. Saboda haka zaɓen uban gida zaɓe ne na irin mutumin da za ka zama a gangara da ƙarfe biyu na dare.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Mu mutane ne masu son shaidar buɗewar ƙofa, kuma daidai ne mu yi godiya idan ta buɗe. Sai dai mun saba auna albarka da sauri. Idan yaron nan ya tashi ranar Lahadi ya ce cikin wata uku ya zama direban tirela, majami'a za ta ɗauki tafi. Wa zai tafa wa wanda ya ce ya shiga shekara ta biyu yana wanke mota? Alhali ƙofar farko da ƙarya aka buɗe ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da makarantun tuƙi da ta amince da su, tana da gwaji, tana da rukuni na musamman, rukunin G, domin motoci masu jan tirela, kuma ba ta ba da lasisin tuƙin haya ga wanda bai kai shekara 26 ba. Lasisin da aka saya ta bayan gida, da shekarun da aka ƙara a takarda, shaidar zur ce da mutum zai riƙa ɗauka a aljihunsa kowace rana. Yana gaya wa duniya an gwada shi, alhali ba a gwada shi ba. Shafa wa sitiyari mai da ɗora masa hannu ba za su mai da wannan takarda gaskiya ba, ba kuma za su sa yaro ya san abin da bai koya ba. Mu yi addu'a kafin tafiya, ƙwarai kuwa. Amma wanda ya san birkinsa na zubar da iska, ya yi addu'a ya kama hanya, ba bangaskiya yake nunawa ba, gwada Ubangiji yake yi, da rayukan waɗansu.

To, na san abin da wani zai ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Zai ce, mai ƙoshi ne ke wa'azin haƙuri. Yaron nan uwarsa gwauruwa ce, ƙannensa an koro su saboda kuɗin makaranta, ga kuɗin haya. Kuɗin makarantar tuƙi ma daga ina? Wannan magana tana da nauyi. Akwai kuma wata ta fi ta nauyi: ba kowane uban gida mai jinkirta yaro ne yake yi domin alherinsa ba. Akwai waɗanda ke riƙe yaro shekara shida, bakwai, yana yi musu bauta, kullum sai baɗi, domin sun san ranar da ya ƙware sun rasa ɗan aiken banza. Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara 20, aka canja masa lada sau goma, kuma Littafi Mai Tsarki bai yaba wa Laban ba. Don haka ba cewa nake yi doguwar hanya ita ce daidai a kowane lokaci ba. Jinkiri kansa ba tsarki ba ne.

Abin da nake cewa shi ne, talauci yana iya sa mutum ya karɓi ƙaramin lada, ya karɓi wahala, ya karɓi tsohuwar mota. Waɗannan duk nasa ne, yana da iko ya sadaukar da su. Amma ran matar nan mai soya doya ba nasa ba ne, ba zai iya jinginar da shi domin kuɗin makarantar ƙannensa ba. Nan ne iyakar. Kuma bambanta mai koyarwa da mai bautarwa ba shi da wuya ga wanda ya yi tambaya. Yara nawa suka fita daga hannunsa, ina suke yanzu? Idan an ce ga uku suna tuƙi, suna kuma zuwa gaishe shi, ka sami malami. Idan kowa ya gudu ne da dare, ka sami Laban. A yi magana tun farko a gaban shaidu: shekara nawa, yaushe za a fara ba shi mota a fili, wa zai biya kuɗin makaranta da lasisi. Kunyar tambaya ta jefa yara da yawa cikin bauta.

Bari in faɗi wani abu a gefe. Waɗansu iyaye abin da suke fara tambaya shi ne ko uban gidan namu ne. Na gane damuwarsu. Amma da yawa daga cikin gogaggun direbobin ƙasar nan Musulmi ne, kuma a cikinsu akwai masu amana da tsantseni, waɗanda ba za su bar yaro ya sha ƙwaya a motarsu ba. Akwai kuma mai aya a rubuce a goshin motarsa, tayoyinsa kuwa sun suɗe kamar tafin hannu. A tambayi addini idan ana so, amma a duba taya.

Idan koyo ya ƙare, sai aikin farko. Nan ma idon saurayi kan tafi ga yawan kuɗin, alhali yadda ake biyan ya fi yawansa muhimmanci. Mai biya bisa yawan lodi kaɗai, ba albashin wata, ya sa farashi a kan barcinka: duk sa'ar da ka kwanta, asara ka yi. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne. Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a sa'a a kan babbar hanya mai tagwaye, 50 a sauran manyan hanyoyi. Ko da 60 ɗin aka bi ba tsayawa, tafiyar ta wuce sa'a 16, ban da ramuka, da shingaye, da cunkoson Lokoja. Mai motar da ya ce ka yi lodi a Apapa yau da yamma ka sauke a Kano gobe da hantsi bai ce ka sha tramol ba, bai ce ka cire na'urar ƙayyade gudu ba. Ba sai ya faɗa ba. Lissafinsa ya riga ya faɗa. Haka kuma mai ba da gas wanda bai isa tafiya ba, ko mai riƙe alawus wata uku, yana koya wa direbansa sata ne a hankali, sa'an nan ya kira shi ɓarawo.

Tambaya ɗaya ta fi duka bayyana halin mai mota, kuma tsofaffin direbobinsa ne za su amsa ta, ba shi ba: ranar da direba ya ce ba zai fita ba saboda birki, me ke faruwa? A wani wuri ana kiran bakanike. A wani wurin ana karɓe makulli a miƙa wa na gaba. Sabon direba ba shi da murya, yana tsoron kora, ga bashin da ya ci. Zai fi masa sauƙi ƙwarai ya ƙi aikin tun a bakin ƙofa da ya ƙi fita bayan an yi lodi, mai kaya na tsaye, oga na waya. Kada mutum ya yarda da ƙarfin zuciyarsa fiye da ƙima.

Game da tankar mai kuwa, inda kuɗi ya fi yawa, shawarata kada ta zama aikin farko. Ruwa ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu, yana kaɗawa a kwana, yana tura mota gaba bayan an taka birki. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka mutu, da mararrabar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025. Ba ina ɗora wa direbobin laifi ba ne, da yawa daga mamatan ɗibar mai suka je. Ina nuna girman abin da ke bayan wannan kujera ne kawai. Daga 1 ga Maris 2025 gwamnati ta hana tankoki masu lita 60,000 ɗaukar mai, amma mai lita 33,000 ma ta isa ta cinye kasuwa.

Saura namu, mu da ba za mu taɓa hawa tirela ba. Kamfanoni da masu motoci sukan nemi wanda zai tsaya wa sabon direba, kuma sau da yawa takardar kan zo hannun fasto ko dattijon ikkilisiya. Mukan sa hannu a ƙofar majami'a, a tsaye, domin yaron namu ne, mawaƙi ne, ba ya fashin sujada. Amma takardar ba ta tambayi muryarsa ba. Kafin dattijo ya sa hannu, ya nemi ganin lasisin ya tambayi yadda aka same shi, ya je garejin da ƙafarsa ya zauna da direbobin wurin. Idan kuma yaron ya ƙi makullin wata uku ya zaɓi weji da tamfol, to kuɗin makarantar ƙannensa da ya sa shi a tsaka mai wuya bai gushe ba, yana nan yana jiran mai biya. Ikkilisiyar da za ta iya tara kuɗin sabon janareta a Lahadi biyu za ta iya ɗaukar kuɗin makarantar tuƙi na yaro ɗaya, da buhun masara ga uwarsa, har ya cika shekarunsa.