Kuɗin Rage Hayaƙin Motoci: Haƙƙin Wane Ne?

Jama'a, ga wata tambaya da ake ta ja-in-ja a kanta a tasha da kasuwa: ana fama da tsadar abinci, shin ya dace gwamnati ta kashe kuɗin jama'a wajen rage hayaƙin motoci?

Mai cewa bai dace ba yana da hujja. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko buhun albasa daga Arewa zuwa Mile 12 ko Sasa ya yi tashin gwauron zabo. Mai jin yunwa ba ta zafin duniya yake ba.

Amma hayaƙi ba ya tsayawa inda aka fitar da shi. Wanda ya fara shaƙarsa shi ne mai shayi a bakin titi, da ɗan dako, da yaro mai talla cikin cunkoso. Sauran kuma ya taru a sama ya riƙe zafin rana, yanayi ya canza, damina ta rikice wa manomi can gida. Ɓarna ce da kowa ke da hannu a ciki, kuma ba mai iya gyara ta da aljihunsa shi kaɗai. Don irin wannan ake tara haraji.

A 2021, a taron Glasgow, Najeriya ta yi alƙawarin daina ƙara wa sama wannan iska nan da 2060. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur arha da ƙarancin hayaƙi. A shekarar ce kuma jirgin ƙasa mai lantarki ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2 a Legas.

To, kashe kuɗin daidai ne. Inda gizo ke saƙa shi ne rabo. In masu uwa a gindin murhu kaɗai suka samu, mai keke Napep da direban babbar mota suna kallo, to an karɓi harajin talaka an yi wa mai hali gata. Kuma ina amfanin sauya inji in babu wurin shan gas a hanyar Kano zuwa Legas?

Mu ma da namu. Sarakunan Hausawa da shugabannin tasha su tattara sunayen direbobinmu, su bi musu haƙƙinsu. Kada wani ya kai motarsa a ɗaura mata tukunyar gas ta bakin titi, rayukan fasinja ne a hannunsa. Wanda kuma aka sauya wa inji da kuɗin jama'a, ya rage kuɗin mota. In ya ci gaba da karɓar farashin fetur alhali gas yake sha, ya ci amanar waɗanda suka biya masa.

Allah Ya sa mu dace.