Haƙƙin Baƙo da Haƙƙin Ɗan Gari a Bakin Tafki

Tun muna yara a ke koya mana girmama baƙo. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo masa ruwa, in da hali ka yanka masa kaza. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ba mai musun haka. Amma akwai wata tambaya da ba kasafai a ke yinta ba, watau ina ne iyakar abin da ya kamata mai gida ya yi don ya faranta wa baƙo rai? Zan ba ku labarin wani tafki da ke wata ƙasa mai nisa, don abin da ya faru can ya isa mu zauna mu auna wannan magana.

A tsakiyar nahiyar Amurka, kudu da Meziko, akwai wata ƙasa da a ke kira Gwatamala. Bisa tsaunukanta akwai tafki mai suna Atitlan, ya ɗara ƙafa 5,000 sama da bakin teku, zurfinsa kuwa ya wuce ƙafa 1,000. Manyan duwatsu uku, irin masu aman wuta, suna tsaye a gefensa na kudu. Mutanen da ke zaune kewaye da shi 'yan asalin ƙasar ne, jinsin Maya, waɗanda kakanninsu su ke nan tun kafin Turawan Sifen su zo. Suna noman masara da wake a jikin tudu, suna saƙar tabarmi da wata doguwar ciyawar ruwa da su ke kira tul. Cikin ruwan kuma da can akwai ƙananan kifaye da ƙaguwa masu yawa, masunta na kama su a kwalekwale, a ci a gida, a kai saura kasuwa. Garin da baƙi su ka fi sauka shi ne Panajachel, a gaɓar arewa.

To, kyan wurin nan ya sa masu yawon buɗe ido su ka fara zuwa. Sai wani kamfanin jiragen sama na Amurka, mai suna Pan American, ya ba da shawara a zuba wani irin kifi cikin tafkin, wanda Amurkawa ke son kamawa da fatsa don nishaɗi. Sunansa bas. Shi kifin nan halinsa ɗaya da giwan ruwa da mu ka sani, ko da ya ke bai kai shi girma ba: bakinsa faffaɗa ne, kome ya gani ƙasa da shi sai ya haɗiye. Aka karɓi shawara, aka zuba shi a shekarar 1958, aka ƙara a 1960. Lissafin da aka yi shi ne, in kifi ya yi yawa masu fatsa za su zo, in sun zo jirage su sami fasinja, masu masauki su sami ciniki, ƙasa ta sami kuɗi.

Ba a daɗe ba bas ya cika tafkin, ya bi ƙananan kifayen nan da 'ya'yan ƙaguwa yana ci, har yawancin irin kifin asali su ka ƙare. Akwai wani ƙauye kusa da Panajachel, Santa Catarina, wanda su ne babbar sana'arsu. Sai su ka wayi gari abin kamawa ya yi ƙaranci, sabon kifin kuwa ba ya kamuwa da irin kayan su ɗin da su ka gāda. Da yawa su ka bar ruwa, su ka koma ƙodago a gonakin wasu, matansu kuma su ka dogara ga sayar wa baƙi saƙa.

Akwai kuma wani tsuntsun ruwa mai nutso, wanda mutanen wurin ke kira pok. Ba ya iya tashi sama, yana yin sheƙa cikin ciyawar tul, kuma duk duniya ba a samunsa sai a tafkin nan. Bas ya cinye abincinsa, ya kuma riƙa haɗiye 'yan tsakinsa. A 1960 an ƙiyasta akwai pok wajen 200, kafin 1965 sun koma 80. Wata Ba'amurkiya masaniyar halittu, Anne LaBastille, ta tsaya tsayin daka aka keɓe musu wuri a 1966, har su ka ɗara 200 a 1973. Sa'an nan girgizar ƙasa ta 1976 ta sa ruwan tafkin ya ja baya, ciyawa ta bushe a wurare da yawa, masu kuɗi kuma na ta share gaɓa suna gina gidajen hutawa. A 1989 aka yi wa biyu na ƙarshe ganin ƙarshe.

Yanzu sai mu yi adalci. Waɗanda su ka kawo shawarar nan ba mugunta su ka nufa ba, a ganinsu alheri su ka kawo wa ƙasa matalauciya. Mutumin da ya baro birni ya zo ya zauna bakin ruwa da sandar fatsa, shi ma bai yi laifi ba. Ai wanda ya yini shekara cikin hayaniyar ofis, ransa na bukatar ganin dutse da ruwa kamar yadda jiki ke bukatar barci. Kuɗin baƙi kuma ba ƙarya ba ne, mutane da yawa a Panajachel da su su ke ciyar da iyali, daga direban jirgin ruwa har mai sayar da zane. Bugu da ƙari, ba kifin kaɗai ya kashe pok ba, kamar yadda mu ka gani.

Duk da haka ni dai ina ganin an yi kuskure babba, kuskuren kuwa a wajen awo ya ke. An ɗora nishaɗin wani a ma'auni ɗaya, abincin wani a ɗayan, sa'an nan aka ce nishaɗi ya fi nauyi, don mai shi yana da kuɗi. Alhali kuwa in mai fatsa ya zo bai kama kome ba, abin da ya rasa labarin da zai ba abokansa ne kawai. Masunci in ya komo hannu wofi, 'ya'yansa su kwana da gāyan tuwo. Bukatu biyun nan sunansu ɗaya, kama kifi, amma wanda ya daidaita su bai san yunwa ba.

Wani zai ce, ai kuɗin da baƙi su ka kawo sun fi ƙarfin abin da masunta su ka rasa. Ko mu ɗauka haka ne, tambaya ita ce hannun wa su ka shiga? In aka karɓe akuyar Tanko aka sayar, aka ba Audu saniya, ba a cewa gari ya ci riba a yi shiru, sai an ji bakin Tanko. Masuntan Atitlan kuwa talakawa ne, yawancinsu ba su yi karatu ba, harshen mahukunta ma wasunsu ba su ji. Irin waɗannan ne ya fi sauƙi a manta da su sa'ad da manya ke shawara, ba don an ƙi su ba, sai don ba su cikin zauren.

Abin da ya fi damuna cikin labarin nan shi ne bambancin da ke tsakanin aikin da za a iya warwarewa da wanda ba za a iya ba. Da otal aka gina aka ga bai yi amfani ba, sai a rushe. Da haraji aka sa aka ga ya yi nauyi, sai a rage. Amma kifin da ka saka cikin ruwa mai zurfin ƙafa 1,000, da wace koma za ka tsamo shi? Wanda zai yi aiki irin wannan, kyakkyawar niyya ba ta ishe shi hujja ba. Wajibi ne ya yi jinkiri, ya gwada a ƙaramin kududdufi, ya tambayi tsofaffin masunta waɗanda su ka san abin da ke cikin ruwan nan tun ba a haife shi ba. Don yanke hukunci ya ke yi har a kan 'ya'yan da ba a haifa ba, su kuwa ba su wakilta shi ba.

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kamfanin Pan American ya rushe a 1991, shekara biyu bayan ɓacewar pok. Bas yana nan cikin tafkin, jikokin masuntan da na farautarsa da mashi, suna nutso kamar tsuntsun da ya kora, suna kai wa masu dafa abincin baƙi.