WA YA KE DA IKON YAFE JININ WANI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwana saurayi, duk ranar da azzalumin shugaba ya faɗi, za ka ji manya suna cewa a bar kaza cikin gashinta, abin da ya wuce ya wuce, a bar wa Allah. To, tsaya ka tambaye su: wa ya ba su ikon yafe jinin da ba nasu ba?

Dubi maƙwabciyarmu Chadi. Hissene Habre ya mulke ta daga 1982 zuwa 1990. Ya kafa 'yan sandan ciki da a ke kira DDS, su kama mutum ba sammaci, su azabtar da shi ba alƙali. Har wani wurin iyo a Injamena suka rufe da kankare, suka mai da shi kurkuku. A 1992 kwamitin bincike na ƙasar ya ƙiyasta cewa an kashe kimanin mutum 40,000. Shi kuwa tuni ya tsere Senegal, ya miƙe ƙafa a Dakar.

Waɗanda suka tsira ba su yi shiru ba. Sun kai ƙara Dakar a 2000, aka yi watsi da ita, suka ci gaba. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 mai hana azabtarwa, wadda ta wajabta wa ƙasar da mai laifi ya fake cikinta ko dai ta gurfanar da shi, ko ta miƙa shi. Da ita Kotun Duniya ta ɗaure Senegal a 2012. Ranar 30 ga Mayu, 2016, kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai. Yana cikin wannan hukunci ya mutu a 2021.

Wani zai ce ai wannan dokar Turawa ce. Haba ɗan'uwa! Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan Bamakhzumiya, 'yar babban gida, da ta yi sata. Aka tura Usama ɗan Zaidu ya yi ceto, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya bayyana cewa ƙyale manya da hukunta raunana shi ya halaka al'ummun farko. Yafiya alheri ce, amma a Shari'a haƙƙin wanda aka zalunta ne, ko magadansa. Su za su yafe, bisa yardarsu, bayan gaskiya ta fito fili. Gwamnati ba ta kyauta da kayan wani.

Saura kai. Gobe wataƙila kai ne soja, ko ɗan sanda, ko gandiroba. Ka sani a 2015 kotun Injamena ta ɗaure tsofaffin ma'aikatan Habre 20. Kakin bai cece su ba, kuma faɗin cewa sa ni aka yi ba zai cece ka gaban Allah ba, don babu biyayya ga mahaluƙi cikin saɓa wa Mahalicci. In an ce ka daki ɗaurarre, ka ƙi. In ka ga an yi, ka riƙe shaidarka, ka ba da ita ranar da aka nema.

Allah Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinSa, amin. Wassalamu alaikum.