Mai Bashin Haraji da Ɗaukaka Ƙara

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin haraji dabam yake, gama mai bin sa ba maƙwabci ba ne da za a aika masa dattawan unguwa su ba shi haƙuri. A Nima da Maamobi idan aka ji kotu ta ce ɗan kasuwa ya karye saboda harajin da bai biya ba, shi kuwa ya ɗaukaka ƙara, sai ka ji ana cewa taurin kai ne. Shin haka ne?

Mu fara duba doka. Tun 2009 hukumar GRA ke tara haraji a Gana. Dokar 2016 ta ba wanda bai yarda da abin da aka yanka masa ba kwana 30 ya kai kukansa, amma sai ya fara biyan kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ake gardama a kai, in ba shugaban hukumar ya sassauta masa ba. Watau doka da kanta ta san ma'aikaci yana iya kuskuren lissafi. Wanda ya bi ƙofar da doka ta buɗe bai yi tawaye ba. Ko Manzo Bulus ya nemi a kai shari'arsa gaban Kaisar.

Sai dai masu ɗaukaka ƙara iri biyu ne. Akwai wanda ya kasa biya. A Disamba 2022 tsadar kaya a Gana ta haura kashi 50 cikin 100, jarin masu shago da yawa ya narke. Irin wannan mutum, in ya kawo littafin cinikinsa da rasit, ya ce a sāke lissafi, gaskiya yake nema. Akwai kuma wanda ya ƙi biya, ya mai da gidansa da sunan ƙanensa, yana jan shari'a domin ya sami lokacin ɓoye sauran. Wannan ba gwamnati kaɗai ya cuta ba. Ya cuci mai koko da ke biyan tikitin kasuwa kullum, ya cuci unguwar da lambatunta ke ambaliya kowace damina.

Saboda haka, ya mai karatu, kafin ka nufi lauya, tambayi zuciyarka: in alƙali ya rage kuɗin zuwa abin da ka san ana bin ka, za ka biya? In za ka biya, ɗaukaka ƙararka ba tare da kunya ba. In kuwa ba za ka biya ba, ko ka ci shari'a, bashin yana nan a wuyanka.